Kwamfutar da ta hana gida barci a Talaje

## Disamba 2023: na'urar da ɗakin da aka sauke ta

Mai kwamfutar ɗan abokina ne, saurayi ɗan shekara ashirin da ƴan kai, yana zaune gidan mahaifinsa a Talaje, nan Yamai. Da rana sana'arsa haɗa bidiyon buki: a kawo masa abin da aka ɗauko wurin ɗaurin aure ko suna, ya yanke, ya jera, ya ɗora sauti, ya miƙa wa masu shi. Da dare kuma wasa yake da abokansa ta intanet, wani sa'in har kiran assalatu. Wansa da ke aiki a Faransa ne ya haɗa masa na'urar a can, ya ba wani ɗan uwa mai dawowa gida ya taho da ita.

Ba ƙaramar na'ura ba ce. Ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, Ryzen 9 7950X ne na kamfanin AMD, wanda ya shigo kasuwa a Satumban 2022, mai ƙwayoyin aiki 16, wato ƙananan sassan da ke raba aikin a tsakaninsu. A takarda wat 170 aka rubuta masa, amma an yarje masa ya ja har wat 230 idan aiki ya yi nauyi. Katin hoto kuwa, sashen da ke zana abin da ake gani a allo, RTX 4080 ne, shi kuma iyakarsa wat 320. Ruwa ke sanyaya furosesan: ɗan famfo a kansa, tiyo biyu, sai radiyater mai tsawon milimita 360 da fankoki uku, an ɗaure shi a rufin akwati yana fitar da iska sama. Akwatin gilashi ne gaba da gefe ɗaya, ga fitilu masu canza launi. Fankokin gaba uku ta wata ƴar tsaga da ba ta fi faɗin yatsa ba suke shaƙar iska.

Ɗakin shi ne na ƙarshe a gidan, bangonsa ɗaya na kallon yamma, rufin kwano ne da silin na katako. Babu kilima, na'urar sanyaya ɗaki, sai fankar sama. Kafinta ya yi masa tebur mai kyau, da gurbi a ƙasa daidai girman akwatin, a rufe ta baya da gefe biyu, don kada ƙanne su taɓa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu babu wanda ya yi ƙorafi. Lokacin sanyi ne, dare kan sa mutum neman bargo. Ga wuta ba ta zama: tun Agustan 2023 Najeriya ta katse layin da take ba Nijar, don haka da wuya na'urar ta yi awa uku a jere tana kunne. Hazon hunturu na shiga ta taga kullum, ana goge tebur safe da yamma. Cikin akwatin ba wanda ya leƙa.

## Maris 2024: kukan ya fara

Azumin shekarar cikin zafi ya kama. A watan ne aka maido wutar Najeriya, a unguwarsu ta ɗan ƙara zama, ga bidiyon bukukuwan da aka yi ta yi gab da azumi sun taru masa. Sai na'urar ta koma wuni a kunne.

Kukan iri biyu ne. Akwai mai ɗorewa, idan ya sa ta fitar da bidiyo ko ya shiga wasa. Akwai kuma na zabura: shafi kawai zai buɗe a intanet, fankoki su yunƙura kamar an tsikare su, su yi daƙiƙa biyar, su kwanta, can su sake. Wannan na biyun ya fi damun mutanen gida, don kunne kan saba da ƙara mai tafiya bai ɗaya, amma ba ya sabawa da mai tashi da faɗuwa. Mahaifiyarsa, wadda ɗakinta ke jikin nasa, ta ce da shi wata rana bayan sahur: "Ɗan nan, mu da ke bakin filin jirgi mun saba da ƙarar jirgi. Amma shi jirgi in ya tashi tafiya yake. Naka yaushe zai tafi?"

Ya sauke wata manhaja mai suna HWiNFO, mai nuna zafin kowane sashe na kwamfuta. Ya ga furosesa a digiri 95, an rubuta da ja. A cikin wasa kuma, da an yi rabin awa, hoto kan fara sarƙewa nan da can. Hankalinsa ya tashi, ya ɗauka na'urar na gab da ƙonewa.

## Ƙarshen Maris zuwa sallah: abin da ya gwada da kansa

Ya fara da cire gilashin gefe, ya jawo akwatin waje kaɗan, ya saita masa fankar tsaye. Katin hoto ya sauka da digiri huɗu ko biyar. Furosesa bai motsa daga 95 ba. Ƙara kuwa ta ƙaru, tunda an buɗe mata ƙofa, ga ta fankar tsaye a kai. Kwana uku ya mayar da gilashin, ranar da ya tarar da ƙaninsa ɗan shekara huɗu yana nuna fitilun ciki da tsinken tsintsiya.

Sai ya tafi Katako ya sayo fankoki uku, jika biyu da rabi kowace. Lafiyayyu ne, sai dai irin waɗanda ake jona wa wuta kai tsaye daga akwatin wutar kwamfuta, ba ta kan uwar allo ba, babban allon da sauran kayan ke kafe a jikinsa, wadda mu masu gyara ke kira kart-mer. Fankar da aka jona haka ba ta da mai ce mata ta rage gudu. Da an kunna ta, iya ƙarfinta take yi har a kashe. Ɗaya daga ciki ma baibai ya ɗaura ta, tana tura iska inda wata ke jawowa.

Na ukun shi ne wanda har yanzu in na tuna nake jin abin a raina. Ya ɗauki akwatin a babur ya kai wa mai facin taya, aka saita masa tiyon iska. Ƙura ta tashi, kowa ya ja baya yana tari, aka ce to, ta fita. Amma ba a kwance radiyater ba, ta ƙasan fankoki aka hura, wato ta gefen da ƙurar ta taru, sai iskar ta ƙara cusa ta cikin tsagogin. Ga iskar tankin mai faci ba busasshiya ba ce, takan zo da laima da ɗan maiƙo, abin da ke sa ƙura ta dunƙule. Ba a kuma riƙe fukafukan fankokin ba, suka yi ta juyawa fiye da gudun da aka ƙera su a kai. Tun daga ranar ɗaya ta fara wani ƙas-ƙas-ƙas. Garin neman gira an taɓa ido.

Ya kuma canza pat, man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da kan famfo don zafi ya ratsa. Ya lafta shi kamar mai shafa mayonez a burodi. Yawan ba shi ne illa ba, abin da ya yi yawa gefe yake tsiyayewa. Illar ita ce ya ɗaure kusoshi biyu na gefe guda tam kafin ya taɓa sauran biyun, kan famfon ya zauna a karkace.

Daga ƙarshe ya shiga BIOS, wurin saitin tushe na kwamfuta, ya sa kowace fanka ta yi gudu ɗari bisa ɗari. Zabura ta daina, tunda yanzu ruri ne babu tsayawa. Lambar tana nan 95. A nan mahaifinsa ya yanke hukunci: daga isha'i a kashe ta.

## Makon bayan sallah: awo a cikin ɗakin

Ya same ni a shago ya ce, "Kawu, ina jin ruwan ciki ne ya ƙone. In ɗauko ta?" Na ce a'a, ni zan zo, kuma da la'asar. Shagona akwai inuwa da iska. Abin da za ta nuna min a can ba shi take yi a gida ba.

Na tafi da ma'aunin zafin ɗaki, da ɗan soket mai nuna yawan wutar da ake ja daga bango, da wayata don awon ƙara. Awon waya ba na ƙa'ida ba ne, amma in ka ajiye ta wuri ɗaya kullum, tana iya gaya maka an ragu ko an ƙaru. Don gwada furosesa na yi amfani da Cinebench R23, manhajar da ke ɗora wa duk ƙwayoyin aiki nauyi na minti goma sannan ta ba da maki.

Ƙarfe huɗu na yamma ɗakin yana digiri 39. Bangon yamma in ka dafa shi sai ka ɗauke hannu. Bayan minti ashirin na aiki, iskar da ke bakin gurbin tebur, wadda fankokin gaba ke shaƙa, ta kai 44: abin da radiyater ya fitar sama yake bugun katakon tebur, ya zagayo, ya sake shiga. Furosesa ya kai 95 kafin minti guda. Wutar da yake ja ta fara da kusan wat 230, ta yi ta sauka har ta tsaya wajen 170. Maki kusan 35,000. A cikin wasa, na'urar na jan wat 510 daga bango, katin hoto yana digiri 83. Ƙara a wayata desibel 57, wato ma'aunin ƙarfin sauti. In an kashe kwamfutar aka bar fankar sama kaɗai, 40.

Da na kwance fankokin radiyater, na tarar da ƙura ta yi shimfiɗa guda a jikinsa, ja-ja-ja irin ƙasar Yamai, ta haɗu da zaren tufafi ta yi kamar audugar tsohuwar katifa. Da farce na kama gefe na ɗago ta, ta taho a haɗe. Ya tsaya yana kallo, bai ce komai ba. Wani abin kuma: wayar famfo an jona ta a gurbin fankar furosesa, ma'ana a duk watannin baya famfon ma tashi da faɗuwa yake tare da fankoki.

## Gyarana na farko, wanda bai sauke lambar ba

Na share radiyater da buroshin fenti da abin hura iska na hannu, ta bayansa, ina riƙe fukafukai da yatsa. Na goge tsohon pat, na sa sabo daidai misali, na ɗaure kusoshi a gicciye, kowanne zagaye ɗaya-ɗaya har suka zauna tare. Fankokin Katako na cire su duka uku, mai ƙas-ƙas na canza ta. Famfo na mayar da shi gurbinsa na kansa, yana gudu bai ɗaya. Akwatin muka fitar da shi daga ƙarƙashin tebur, muka ɗora kan wani benci a ɓangaren gabas na ɗakin, taƙi guda daga bango, sama da ƙasa inda shara ke tashi.

Washegari, ƙarfe huɗu, ɗaki 39. Na kunna gwajin. Digiri 95.

Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi, ga yaro a tsaye yana kallona. Na zargi famfo. Na taɓa tiyo biyun, ɗaya ya fi ɗaya ɗumi kaɗan, alamar ruwa na zagayawa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na aro babban abin sanyaya na iska, irin mai hasumiya biyu na ƙarfe, wurin wani abokin sana'a, na cire na ruwan na ɗaura shi. Digiri 95. Kwana biyu suka tafi a haka.

Daren na biyu ne na zauna da takardar da nake rubuta awo, na daina kallon layin zafi, na kalli na kusa da shi. Kafin shara furosesan na tsayawa a wat 170. Bayan shara yana riƙe 205. Maki sun tashi daga 35,000 zuwa 36,900. Ashe gyaran ya yi aiki, sai dai duk sararin da na samar masa, furosesan ya cinye shi ya mai da shi gudu. Na koma na karanta bayanin da AMD ta yi tun fitowar wannan jerin na Ryzen 7000: da gangan aka ƙera su su yi ta ƙara gudu har sai sun ci karo da ɗaya cikin biyu, iyakar wuta ko digiri 95, kuma kamfanin ya ce zama a 95 ɗin ba ya cutar da su. Ni da na girma da tsofaffin furosesa, waɗanda in ka ga 90 ka san akwai matsala, idona ne bai saba ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa lambar ke tsalle. Ƙwayoyin 16 suna zaune ne a kan ƴan guntaye biyu, kowanne faɗinsa wajen milimita murabba'i 70, bai kai farcen ɗan yatsa ba, a ƙarƙashin murfin ƙarfe mai kauri. Wuta mai yawa a wuri ƙanƙane: ƙwaya ɗaya ta yunƙura don buɗe shafi, ma'aunin ciki ya haura digiri ashirin a daƙiƙa guda, ya sauko. Ruwan radiyater kuwa mintuna yake ɗauka kafin ya ɗumama. Fankokin suna bin ma'aunin ne, suna zabura don sanyaya ruwan da ko ɗumi bai yi ba. A ɗaki mai digiri 22, tsallen bai cika kai inda aka ce fanka ta tashi ba. A ɗaki mai 39, daga bakin layin ake farawa.

Na mayar wa abokin sana'ata kayansa, na sake ɗaura na ruwan.

## Ƙarshen Afrilu: rage wutar

A cikin BIOS akwai tsarin da AMD ta kira Eco Mode, mai mataki biyu ga wannan furosesa: na wat 105, wanda ke tsayar da shi a 142, da na wat 65, mai tsayar da shi a 88. Na zaɓi na farko. Gwaji, ɗaki 39, fankoki a cikakken gudu: digiri 79, maki 33,900.

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kawu, ai kun rage mata ƙarfi ke nan. Yaya kuɗi ya zuba fa." Na ce to, bari mu bar maki, kawo aikin da kake ci da shi. Ya buɗe wani bidiyon ɗaurin aure da ya fitar kafin sallah, wanda ya tuna ya ɗauki minti 18. Muka sake fitar da shi, muna shan shayi. Minti 19. Ya yi shiru, can ya ce a gwada na 65 ɗin ma a gani. Shi kam ya yi yawa: maki suka faɗi ƙasa da 30,000, bidiyo ya ja lokaci yadda ake ji. Muka koma na 105.

Sai na shiga wani saiti mai suna Curve Optimizer, wanda ke rage wa furosesa ƙarfin lantarkin da ake tura masa a kowane matakin gudu. Kowane furosesa da iyakar abin da zai jure, ko da sunansu ɗaya. Na yi zari, na sa ragi 25. Ta wuce gwajin minti goma lafiya, na tafi gida ina jin daɗi. Cikin kwana biyu ta mutu ta tashi da kanta sau biyu, kuma duka biyun ba aiki take ba, a zaune take. Haka abin yake: ragin da ya wuce kima ya fi bayyana lokacin da furosesa ke hutawa sannan ya yunƙura, ba lokacin da yake ɗauke da kaya ba. Na dawo da shi 15. Mako guda ba ta sake ba. Maki 35,100, wato daidai inda take ranar da na fara zuwa, amma da wat 142 maimakon 170.

Katin hoto shi ne babban murhun a lokacin wasa, ko da yake idon yaron bai taɓa zuwa kansa ba, tunda lambarsa ba ja ba ce. Da manhajar MSI Afterburner muka tsayar da shi a kashi 75 cikin ɗari, wato wat 240. Sannan allon da yake kallo sau 144 yake iya sabunta hoto a daƙiƙa, amma a wasan ƙwallon da ya fi yi katin na zana sama da 300. Fiye da rabi ana dafawa ana zubarwa. Muka ƙayyade shi a 144. Na sa ya yi wasa rabin awa ba tare da na gaya masa me na taɓa ba, na tambaye shi ko ya ga bambanci. Ya ce sarƙewar nan ta daina.

Soket ɗin bango ya sauka daga 510 zuwa 375. Duk wat ɗin da kwamfuta ta ja, zafi yake zama a cikin ɗaki, babu inda yake zuwa. Radiyater ba ya kashe zafi, fitar da shi kawai yake daga akwati ya zuba maka. Mutum a zaune wajen wat 100 jikinsa ke fitarwa. Na ce da shi, da kamar kana kwana da mutum biyar ne a ɗakin nan ƙofa a rufe, yanzu mun sallami ɗaya da sulusin wani. Batirin ajiyar wutarsa, ondilar, shi ma ya ƙara ƴan mintuna idan kuran ya tafi, abin da ya isa ya adana aiki ya kashe a nutse.

## Farkon Mayu: fankoki da ƙofar iska

Sai a lokacin na taɓa saitin fankoki, don da na rage musu gudu tun farko da wat 230 a kai, da na ƙara shaƙe ta ne kawai.

Ƙarar fanka ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In ka raba gudun biyu, ƙarar kan sauka da kusan desibel 15, kuma kunne kan ji ragin desibel 10 kamar an rage rabi. Don haka tsakanin fanka mai juyi 2,000 a minti da mai 1,100 akwai tazara mai yawa a kunne, alhali a zafin furosesa ƴan digiri ne. Da manhajar FanControl, wadda kyauta ce, na sa fankokin radiyater su zauna a kashi 45 har zafi ya kai 75, su hau a hankali zuwa 65 a digiri 85, kada su saki gudu duka sai an wuce 92. Mafi amfani a ciki: na sa su bi matsakaicin zafin rabin minti, ba na daƙiƙar da ake ciki ba. Zabura ta mutu nan take. Fankokin gaba kuwa na ɗaure su da zafin katin hoto, tunda shi suke ciyarwa.

Gilashin gaba muka cire. Wani mai walda a unguwa ya yi mana siririn firam daidai wurin. Da farko mahaifiyarsa ta ba mu wani tsohon gyale muka ninka biyu don tace ƙura. Ya tace ƙurar, ya tace iskar ma, katin hoto ya hau digiri uku. Muka koma ga yankin gidan sauro mai ƙananan ido, falle ɗaya. Na sa fankokin gaba su fi na fita gudu kaɗan, na rage ta baya sosai, don iskar da ke shiga ta raga ta fi wadda ake zuƙewa, ta yadda sauran tsagogin akwati za su riƙa huro iska waje maimakon shaƙar ƙura. Da turaren tsinke muka tabbatar: na kunna shi ina zagaya akwatin, a gaba hayaƙin na shigewa, a tsagogin baya da ƙasa yana kaucewa.

Awo, ƙarfe huɗu, ɗaki 40: furosesa a fitar da bidiyo digiri 83, wasa tsakanin 70 da 76, katin hoto 74, ƙara 43 a wayata, fankar sama na kunne. A daren mahaifinsa ya leƙo ya tambaya ko an kashe ta ne.

## Daga damina zuwa bazarar 2025

A tsakiyar Mayu ya sayi imidifikater, na'urar sanyaya ɗaki da ruwa. A busasshiyar iskar bazara ta sauke ɗakin daga 39 zuwa wajen 33, duk lambobin kwamfutar suka bi ta ƙasa da kusan haka. Na hana shi saita bakinta ga akwatin. Da damina ta kankama a Yuli da Agusta, iska ta cika da laima, ba ta ƙara komai sai danshi, ya ajiye ta; lokacin garin ma ya yi sauƙi. Ɗan zafin Oktoba ya zo ya wuce ba labari.

Mun yi da shi zai riƙa wanke raga duk Juma'a a lokacin hunturu, radiyater kuma duk wata biyu. Ragar ya riƙe. Radiyater ya manta da shi daga Disamba har Maris 2025, sai ga ƙara ta fara dawowa a hankali, wannan karon mai ɗorewa, ba ta zabura ba. Da kansa ya kwance ya share, bai kira ni ba sai da ya gama. A Afrilun 2025 na je na auna, ɗaki 39, imidifikater a kashe: digiri 84, maki 35,000 da ƴan kai.

Abin da bai gyaru ba: ranakun da ɗakin ya haura 41 kuma babu ruwan zuba wa imidifikater, katin hoto kan koma 80, fankokinsa su ɗaga murya. Waɗannan ranaku yakan bar wasa sai bayan magariba.

## Yadda na auna abin daga baya

Lambar 95 ita ta ci masa kuɗi da fanka guda, ni kuma ta ci min kwana biyu, alhali a wannan furosesa ba ita ce alamar ciwo ba. Alamar tana layin wat da na maki. Da na fara da su, da ban aro kayan kowa ba.

Shara da fitar da akwati daga gurbin tebur su suka dawo wa na'urar da ƙarfinta, amma ko kaɗan ba su rage ƙara ba, kuma wanda ya tsaya nan zai rantse gyaran bai yi ba. Shirun daga abu biyu ya zo, a jere: rage wutar da ake ƙonawa, sannan hana fankoki bin kowane tsallen ma'auni. Farashinsa minti ɗaya a bidiyon minti 18, kuma ragin lantarkin ya maido mafi yawan wannan. Ƙarin fankoki bai tsinana komai ba, don iskar da suke turawa digiri 44 ce. Babu fankar da ke sanyaya abu ƙasa da iskar da aka ba ta.

Wan nasa bai yi kuskuren kaya ba, ɗakin da ya haɗa ta ne ba irin namu ba. Da ni za a ce in haɗa wa mai zama a Yamai, akwati mai raga a gaba zan fara nema kafin komai. Da wasa kaɗai yake yi, da Ryzen 7 7800X3D ya ishe shi, wanda a cikin wasa ba ya ko kusantar wat 100. Amma mai yankan bidiyo yana cin moriyar ƙwayoyi 16 ɗin, don haka ban ce ya canza ba. Tsakanin na ruwa da na iska kuwa, gwajin kwana biyun nan ya nuna min tazararsu ba ta taka kara ta karya ba a ɗakinsa, kuma na iska ba shi da famfon da zai mutu maka a garin da samun madadinsa sai an yi oda. Ranar da famfon ya gaji, na iska za mu sa.

Kwanakin baya wan ya bugo waya, ya ji labarin 95 a bakin mahaifiyarsu, a makare da shekara guda, yana cewa zai turo radiyater mafi girma. Ina zaune yaron ya ce masa, "A'a Yaya, bar shi. In akwai mai zuwa, ka ba shi fanka biyu irin na ciki da sirinjin pat guda."